Tun Kafin Kaisar Dattawan Rum Suka Kashe Jamhuriyarsu

Duk wanda ya ɗan leƙa tarihin Rumawa ya ji labarin ranar 15 ga Maris ta shekarar 44 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. A ranar ne sanatoci wajen 60 da suka haɗa baki suka rutsa Juliyas Kaisar a zaman majalisa, suka yi masa suka 23 da wuƙaƙe. Yadda aka saba shimfiɗa labarin shi ne, wai ga janar mai kwaɗayin sarauta ya haɗiye jamhuriya, ga kuma 'yan kishin ƙasa, su Burutus, sun sayar da rayukansu don su ƙwato ta amma abin ya faskara. Ni dai wannan karatun bai shiga kaina ba. A ganina Kaisar gawa ya zo ya tarar. Waɗanda suka yi kisan su ne dattawan majalisar da kansu, kakannin masu wuƙaƙen nan, kuma sun yi shi ne shekara 89 kafin wannan rana, da kulake da ƙafafun benci, a kan rigimar gona.

Shekarun da zan ambata duk na kafin haihuwar Annabi Isa ne sai inda na ce akasin haka, don haka lissafinsu baya-baya yake tafiya: 133 ta riga 121 zuwa.

Rumawa sun ce a 509 suka kori sarkinsu na ƙarshe, suka rantse ba su ba sarki har abada. A madadinsa suka riƙa zaɓen shugabanni biyu da ake kira konsul, wa'adin shekara ɗaya, kowanne yana iya taka wa ɗan'uwansa burki. Majalisar Dattawa, mai mutum wajen 300, a ƙa'ida shawara kawai take bayarwa, amma baitulmali da harkokin waje da rabon larduna duk a hannunta suke, shawarar mai riƙe da jaka kuwa umarni ce. Su ma talakawa suna da wakilansu, goma duk shekara, masu ikon kai doka gaban taron jama'a da ikon hawa kujerar na-ƙi a kan kowane mahukunci. Jikin wakilin talakawa abin alfarma ne, duk wanda ya ɗaga masa hannu jininsa ya halatta. Babu rubutaccen tsarin mulki, babu 'yan sanda, kuma al'ada ta hana soja shiga birni da makami. Abin da ya riƙe ginin duka shi ne kunya, da fahimtar juna cewa komai zafin gardama da baki da ƙuri'a za a gama ta.

Nasara ce ta jawo musu matsala. Bayan sun karya babban abokin gabarsu Hannibal, janar ɗin birnin Kartaj na Arewacin Afirka, a 202, Rumawa suka bi ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum suna ci ɗaya bayan ɗaya. A 167 kaɗai an kwaso mutum 150,000 daga yankin Epirus na ƙasar Girka an sayar bayi. Kuɗi da bayi suka cika hannun manya, babban mutum a Rum kuwa ba shi da inda yake zuba dukiya da ya wuce ƙasa. Akwai filaye masu yawa a Italiya da aka ƙwace daga garuruwan da aka ci da yaƙi, waɗanda a doka mallakar jama'ar Rum ne. Tsohuwar doka ta ce kada mutum ɗaya ya riƙe fiye da kimanin hekta 125 na irin wannan fili. Manya suka yi mata kunnen ƙashi. Da farko da sunayen yaransu suke karɓa, daga baya ma suka daina ɓoyewa. Suka yi gandaye, suka zuba bayi, suka dasa inabi da zaitun, suka binne iyayensu a ciki, suka raba gado, suka ba da jingina, har jikoki suka manta cewa aro ne.

A wancan zamani kuma mai abin hannu kaɗai ake ɗauka soja, galibi manomi mai gonarsa. Sai ya tafi Sifaniya ya yi shekaru, ya dawo ya tarar gona ta zama saura, bashi ya ci gida, maƙwabcinsa mai gandu yana jiran ya sallama. Ya tattara iyali ya nufi birni neman aikin ƙarfi. Duk manomin da ya rasa gona, Rum ta rasa soja ɗaya. Abin ya kai a 138 wakilan talakawa suka kulle konsul biyu na shekarar a kurkuku kan rigimar ɗaukar soja. Ɗaya daga cikinsu sunansa Sipiyo Nasika, kuma za mu sake haɗuwa da shi.

Wanda ya tashi gyaran wannan ba ɗan talaka ba ne. Tibariyus Girakus ubansa ya yi konsul sau biyu, uwarsa Korneliya 'yar Sipiyon da ya karya Hannibal ce, surukinsa Apiyus Kalaudiyus shi ne na farko a jerin 'yan majalisa. A hanyarsa ta zuwa yaƙin Sifaniya ya ratsa ƙasar Eturiya, arewa da Rum, ya ga ƙauyuka sun zama kufai, ba kowa a gonaki sai bayin da aka kwaso daga waje. Lokacin da ya zama wakilin talakawa a 133, bayin tsibirin Sisili suna cikin tawaye, sun kama garuruwa suna fatattakar rundunonin Rum. Don haka damuwarsa tausayi ce haɗe da lissafin soja. An ruwaito yana gaya wa jama'a cewa namun dajin Italiya kowanne yana da raminsa, amma mutanen da ke yaƙi su mutu saboda Italiya ba su da komai sai iska da hasken rana, ana kiransu masu duniya alhali ko taku ɗaya na ƙasa ba su mallaka ba. Dokar da ya kawo kuwa mai sauƙi ce ƙwarai. Kowa ya riƙe hekta 125 ɗinsa, da ƙarin rabin haka ga kowane ɗa, ya zama nasa halak malak. Abin da ya haura a mayar wa gwamnati a yanka wa marasa gona, da sharaɗin ba za su sayar ba.

Manya suka samo wani wakilin talakawa, Markus Oktabiyus, shi ma mai riƙe da filin gwamnati, ya hau kujerar na-ƙi. Tibariyus ya yi masa tayin biyansa kuɗin filinsa daga aljihunsa, ya ƙi. Aka kai maganar majalisa, aka tashi baram-baram. Sai Tibariyus ya yi abin da ba a taɓa yi ba, ya ce wakilin talakawan da ya tare wa talakawa hanya bai cancanci kujerar ba, jama'a su yi ƙuri'ar tsige shi. Gunduma-gunduma ake jefa ƙuri'a, gunduma 35. Da 17 suka goyi bayan tsigewa, saura ɗaya a samu rinjaye, Tibariyus ya tsayar da ƙuri'a, ya rungume Oktabiyus a gaban jama'a yana roƙonsa ya janye. An ce idanun Oktabiyus sun ciko da ƙwalla, ya yi shiru mai tsawo, sannan ya waiwaya ya dubi inda masu gandu suka yi cincirindo suna kallonsa, ya ce wa Tibariyus ya yi abin da ya ga dama. Aka tsige shi, doka ta wuce.

Majalisa ta rama ta inda take da ƙarfi. Ta ware wa kwamitin rabon gona kuɗin da bai kai na cefane ba, ko tanti aka hana su, kuma Nasika ne ya kawo shawarar. Ana cikin haka sarkin Pargamum, a yammacin Turkiyya ta yau, ya mutu ya bar wasiyyar ƙasarsa da taskarsa ga jama'ar Rum. Tibariyus ya ce to jama'a su karɓi kayansu, a saya wa sabbin manoma kayan aiki. Wannan ya taɓa jakar majalisa kai tsaye. Aka fara yi masa barazanar shari'a da zarar ya sauka, shi kuma ya nemi tazarce don ya ci gaba da zama cikin rigar kariya.

Ranar zaɓe jama'a suka taru a kan tudun Kapitol, majalisa kuma tana zama a wani ɗakin bauta kusa da wurin. Hayaniya ta kaure. Wani sanata ya ratsa taro ya gaya wa Tibariyus ana shirin kashe shi. Da yake murya ba ta kaiwa nesa, sai ya taɓa kansa da hannu don ya nuna wa magoya bayansa ransa na cikin haɗari. Wani ya ruga majalisa ya ce ga shi can yana neman a sa masa kambin sarauta. Nasika ya miƙe ya nemi konsul Sikabola ya ceci ƙasa ya gama da azzalumi. Sikabola, wanda masanin shari'a ne, ya ce ba zai fara zubar da jini ba, ba zai kashe ɗan ƙasa ba tare da shari'a ba, amma idan taron ya zartar da abin da ya saɓa doka ba zai amince da shi ba. Amsar da ta dace kenan. Nasika ya ce tunda konsul ya ci amanar ƙasa, duk mai son ceton doka ya biyo shi. Ya ja gefen mayafinsa ya rufe kansa ya fita, dattawa suka bi shi, yaransu riƙe da kulake da gora, su kuma suka tsinci ƙafafun bencinan da jama'a suka karya wajen gudu. Mutane suka dare saboda kwarjinin dattawa. Tibariyus ya juya zai gudu, ya yi tuntuɓe ya faɗi, wanda ya fara dukansa a ka da ƙafar benci kuwa abokin aikinsa ne, wakilin talakawa. Sama da mutum 300 suka mutu a ranar, babu ko ɗaya da ƙarfe ya taɓa, duk sanda da dutse. Aka hana dangi gawa, da dare aka zuba su a kogin Tibar. Tibariyus bai cika shekara 30 ba. Nasika ɗan yayar mahaifiyarsa ne, shi ne shugaban masu kula da addinin Rum, kuma yana cikin waɗanda suka fi kowa riƙe filayen gwamnati.

Masu kare dattawan suna da hujja, kuma ya kamata a saurare su. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. In taron jama'a zai iya cire duk wanda ya ce a'a, to kujerar na-ƙi ta zama hoto. Kwamitin rabon gonar na gida ɗaya ne: shi, da ƙaninsa, da surukinsa. Ya shiga hurumin majalisa a kan kuɗi, sannan ya nemi maimaita muƙamin da aka daɗe ba a ga wanda ya maimaita ba. Mai tsoron dawowar sarauta yana da dalilin zargi.

Amma duk abin da Tibariyus ya yi da ƙuri'a ya yi shi, kuma ƙuri'a na iya warware shi. Ana iya kayar da shi a zaɓe, ana iya gurfanar da shi bayan ya sauka, ana iya soke dokarsa. Abin da Nasika ya yi ba ya warwaruwa. Abin da ya biyo baya ma ya fi kisan muni. Ba a hukunta ko ɗaya cikin masu kulki ba. A 132 sai aka kafa kotu ta musamman ta bi sauran magoya bayan mamacin da kisa da kora. Nasika, da jama'a suka dame shi da ihu a titi, aka tura shi Asiya da sunan jakadanci, can ya mutu. Ita dokar gonar ma ba a soke ta ba. Kwamitin ya ci gaba da aiki, an tono wasu duwatsun iyakar da ya kafa da sunayen 'yan kwamitin a jiki, ƙidayar 'yan ƙasa kuma ta tashi daga wajen 319,000 a 131 zuwa wajen 395,000 a 125. Ashe dai ana iya zama da dokar. Abin da ya tsaya musu a wuya shi ne wani ya nuna ana iya tafiyar da Rum ba tare da an bi ta ƙofarsu ba. Daga ranar kowane ɗan siyasa ya koyi cewa abin da ka rasa a wurin ƙuri'a kana iya ƙwato shi da sanda, muddin kana da girman da za a kira aikinka ceton ƙasa. Bayan shekara 70, Sisaro, wanda ake kafa misali da shi wajen kare doka, yana tsaye a majalisa yana yabon Nasika.

A 123 Gayus Girakus ya hau kujerar yayansa, ya kuma maimaita a 122 sama ba ta faɗo ba. Ya fi yayansa zafin baki da faɗin tunani. Ya gina hanyoyi da rumbunan gwamnati, ya kawo dokar sayar wa ɗan ƙasa alkama kowane wata a kan tsayayyen farashi mai rahusa, da dokar da ta haramta yanke wa ɗan Rum hukuncin kisa sai da izinin jama'a. (Ba komai nasa ne ya yi kyau ba. Kwangilar karɓar harajin Asiya da ya miƙa wa attajirai ta jefa talakawan lardin a bakin kura.) Akwai wani ɗan labari da nake ganin ya fi dogon sharhi bayyana zuciyar manyan. Piso, tsohon konsul da ya yaƙi dokar alkamar nan, sai ga shi a layi cikin talakawa ranar rabo. Gayus ya tambaye shi me ya kawo shi. Ya ce ba ya son a raba dukiyarsa ga kowa da kowa, amma tunda ana rabawa zai karɓi kasonsa. Baitulmalin ƙasa yake nufi da dukiyarsa, kuma Pison nan shi ne wanda aka yi wa laƙabi da mai gaskiya.

A 121, bayan Gayus ya rasa kujera, aka tashi soke dokokinsa. Cikin wata hayaniya magoya bayansa suka kashe wani hadimin konsul Opimiyus. Majalisa ta zartar da ƙudurin da ba a taɓa jin irinsa ba, wai konsul ya tabbatar babu abin da ya samu ƙasa, wato dokar ta-ɓaci marar iyaka. Su Gayus suka hau tudun Abentin, wasunsu da makamai, suka aiko ƙaramin ɗan abokinsa Filakus neman sulhu. Aka kama yaron, daga baya aka kashe shi. Opimiyus ya hau tudun da sojoji da maharba 'yan tsibirin Kirit. Gayus ya tsallake kogi ya sa bawansa ya kashe shi. An yi shelar duk wanda ya kawo kansa za a ba shi zinariya daidai nauyinsa, sai wanda ya kawo ya kwashe ƙwaƙwalwar ya ɗura dalma. Mutum 3,000 suka halaka, aka hana matansu makoki. Daga nan Opimiyus ya gina ɗakin bauta ga gunkiyar haɗin kai. An kai shi kotu a 120 aka wanke shi. Abin da ya kai shi ƙasa daga baya cin hanci ne daga hannun Jugurta, sarkin Numidiya a Arewacin Afirka.

Cikin 'yan shekaru aka halatta sayar da gonakin da aka raba, masu gandu suka saye, aka koma gidan jiya. Ƙarancin soja kuwa yana nan, sai ya nemi wata mafita. A 107 konsul Mariyus, da zai tafi yaƙar Jugurta, ya buɗe ƙofa ga 'yan sa-kai marasa komai. Wanda ba shi da gonar da zai koma, fatansa duka yana kan janar ɗinsa, shi zai raba ganima, shi zai nema masa fili in an sallame shi. Majalisa kuwa duk lokacin da aka zo da maganar fili ga tsofaffin sojoji sai ta murtuke fuska. Da hannunta ta miƙa wa janarori biyayyar sojojin ƙasa.

Mutum na farko da ya juyo da rundunar Rum ya shiga Rum da ita kuwa Sulla ne, gwarzon ɓangaren majalisa, a 88, shekara 39 kafin Kaisar ya yi irin haka. Taron jama'a ya ƙwace masa jagorancin yaƙin gabas ya ba Mariyus. Ya gaya wa sojojinsa, su kuma suka ji tsoron ganima za ta tafi ga wasu, suka jefe manzannin da aka aiko har lahira. Manyan hafsoshinsa duk suka janye sai ɗaya, amma ƙananan sojoji suka bi shi. Su Mariyus ma da suka samu dama a 87 sun yi nasu yankan. Da Sulla ya ci yaƙin basasa a 82 ya riƙa liƙa sunaye a dandali, duk wanda sunansa ya fito, mai kawo kansa yana da tukuici, a yi gwanjon dukiyarsa, 'ya'yansa ba su ba muƙami. Ya ninka majalisa zuwa 600, ya karya ikon wakilan talakawa, ya zaunar da tsofaffin sojojinsa a gonakin da ya ƙwace daga garuruwan Italiya. A wannan rabon gonar ba a ji wani dattijo ya ɗauki ƙafar benci ba.

Duk da haka sun sake samun dama. A ƙarshen 62 janar Pompi ya dawo daga gabas da nasarori da tarin dukiya, kowa a tsorace yana jiran Sulla na biyu. Yana sauka a tashar Burundisiyum ya sallami sojojinsa ya nufo Rum kamar kowa. Abu biyu ya nema, a amince da tsarin da ya yi wa ƙasashen gabas, a ba sojojinsa gonaki. Jiga-jigan majalisa, su Kato da Lukullus, suka yi ta ja masa rai ba abin da ya samu. Janar ɗin da ya bi doka shi aka wulaƙanta, kowa na kallo, wannan ne ya tura shi hannun Kaisar da attajiri Karasus a 60.

Kato mutum ne mai tsabtar hannu, kuma shi ya sa nake ganin ya fi sauran ɓarna, domin shi ya sa wa taurin kai rigar mutunci. A 59 Kaisar, yana konsul, ya kawo dokar gona: a sayi fili daga wanda ya yarda ya sayar, da kuɗin da Pompi ya kawo, kwamiti na mutum 20, shi kansa ba ya ciki. Ya karanta ta a majalisa ya ce duk mai gyara ya faɗa. Ba wanda ya iya nuna aibi. Kato ya miƙe ya ce shi dai bai yarda a sauya komai ba, ya kama zuba da niyyar ya kai faɗuwar rana, lokacin da dole a tashi zama. Kaisar ya sa a tafi da shi kurkuku, ya ga dattawa sun bi shi, ya sake shi, ya kai dokar gaban jama'a, inda mutanen Pompi suka cika dandali aka juye wa ɗaya konsul ɗin, Bibulus, kwandon kashi a ka. Mummunan abu ne, ba na musu. Amma Bibulus ɗin nan da kuɗi aka saya masa kujerar, manya suka yi karo-karo, kuma an ruwaito Kato da kansa ya yarda cewa wannan cin hancin don amfanin ƙasa ne.

A Disambar 50, da yaƙi ya ƙarato tsakanin Kaisar da Pompi, wanda a lokacin ya koma ɓangaren majalisa, aka kawo shawara a majalisa cewa Kaisar da Pompi su ajiye rundunoninsu tare. Mutum 370 suka amince, 22 suka ƙi. Konsul Marsellus ya tashi zaman, ya je ya miƙa wa Pompi takobi ya ce ya kare ƙasa. Ranar 7 ga Janairun 49 aka zartar da irin ƙudurin da aka kashe Gayus da shi, wakilan talakawa biyu da suka hau kujerar na-ƙi suka tsere daga birni, bayan 'yan kwanaki Kaisar ya tsallake rafin Rubikon, iyakar lardinsa da Italiya, da sojojinsa. To wace jamhuriya ce ta rage da zai rushe, idan mutum 22 za su iya murƙushe 370?

Ba wanke Kaisar nake yi ba. Abin da ya yi a ƙasar Gol, Faransa ta yau, kisan kiyashi ne. A wani gari da ya ci a 51 sai da ya sa aka yanke hannuwan duk wanda ya ɗauki makami. Ya tsallake Rubikon ne don ya kare girmansa, talaka na biyu ne a lissafinsa, kuma da ya karɓi muƙamin mai cikakken iko na har abada a farkon 44 ya ba maƙiyansa hujja. Amma a dubi jagoran masu 'yantarwar. Wasiƙun Sisaro na lokacin da yake gwamnan Silisiya sun tona cewa Burutus ya ba garin Salamis na tsibirin Kuburus bashi ta hannun yaransa, da ruwa kashi 48 cikin ɗari a shekara, alhali ƙa'idar lardin kashi 12 ce. Wakilinsa ya samu mahaya dawaki daga gwamnan da ya gabata, ya kulle 'yan majalisar garin a zaurensu har biyar suka mutu da yunwa. 'Yancin da Burutus ya zare wuƙa dominsa ya haɗa da 'yancin yin irin wannan ba mai tambaya. Ba mamaki da suka fito da wuƙaƙe jina-jina suna shelar 'yanci jama'ar birni ba su bi su ba, bayan jana'izar Kaisar ma sai suka nemi hanyar barin gari.

Wanda ya ci gajiyar duka shi ne Oktabiyan, jikan 'yar'uwar Kaisar, wanda aka yi wa laƙabi da Agustus a 27. Shi da abokan tafiyarsa sun fara da nasu jerin sunayen, Sisaro na ciki, aka kafe kansa a dandalin da ya saba jawabi. Bayan ya gama da kowa bai kira kansa sarki ba. Ya bar majalisa tana zama, ana zaɓen konsul, shi kuma ya riƙe sojoji, daga 23 ya karɓi ikon wakilin talakawa na dindindin, ikon nan da su Girakus suka mutu a kansa. Sannan ya taɓa matsalar da aka shafe sama da shekara 100 ana zubar da jini dominta. A shekara ta 6 bayan haihuwar Annabi Isa ya kafa asusun sallamar sojoji, ya zuba sestas (kuɗin Rum) miliyan 170 daga aljihunsa, ya ɗora harajin kashi 5 cikin ɗari a kan gadon da ba na dangi na kusa ba, ban da na matalauta, domin soja ya samu kuɗin sallamarsa bayan shekara 20 ba tare da an ƙwace gonar kowa ba. Nauyin harajin a kan manyan gidaje ya faɗa, suka yi ta ƙorafi. A shekara ta 13 ya ce to su kawo wata hanyar. Suka nuna sun yarda da kowane haraji ban da wannan, sai ya ce shi kenan, za a koma harajin gonaki da gidaje, ya aika ma'aikata suka fara rubuta kadarorin mutane ba tare da ya faɗi nawa za a biya ba. Ba a daɗe ba dattawa suka gwammace a bar musu kashi biyar ɗin.